Bindigar Cleophus Pettaway

Earline Pettaway ta yi shekara talatin da ɗaya tana zuba wa yara abinci a makarantar unguwarmu. Ludayi ɗaya take ba kowa, ko da ɗan fasto ne. Tana shekara tara iyayenta suka taho da ita Ohio daga Alabama, lokacin da masana'antar gilashi ke ɗaukar baƙaƙen fata aikin bakin wuta. Kafin su hau jirgin ƙasa uwarta ta ja mata kunne a kan abu biyu. Kada ta yi kuka a gaban mutane. Kuma in farar fata mai rigar aiki ya ce ta tsaya nan, ta tsaya, kada ta tambaye shi dalili. Ta riƙe duka biyun har ta tsufa, kuma na biyun ne ya cuce ta.

Mijinta Cleophus a masana'antar ya ƙare ƙarfinsa. Ya fito da fansho da huhun da ba ya kai shi bakin titi sai ya tsaya ya dafa bango. Wata Talata da safe ya ci burodin masara, ya sha kofi, ya wanke kofinsa da kansa, abin da bai taɓa yi ba tun aurensu. Daga nan ya shiga gareji ya rufe ƙofa. Earline tana shanya kaya ta ji ƙarar.

Bindigar tsohuwa ce, ƙarama, mai harsashi shida da mariƙin ƙashi, ta mahaifinsa ce tun daga Alabama. 'Yan sanda suka tafi da ita. Bayan wata huɗu suka kira Earline ta zo ta karɓi kayanta, domin a doka ita ce magajiya. Suka miƙo mata a cikin kwali, harsasai biyar a ambulan daban. Ta ɗora kwalin a saman durowar kaya ta rufe da bargo.

Ɗansu Lamont a lokacin yana kwana a falonta. Shekararsa arba'in da shida, aiki ya tafi, mata ta tafi. Ya fara zama a gareji a kan kujerar ubansa. Ran nan yana cin abinci, bai ko ɗago kai ba, ya ce, "Mama, ina bindigar Baba? Ai gadona ce."

"Gadonka takalmansa ne," in ji ta. "Ci abincinka."

Ta san dole bindigar ta bar gidan. Maƙwabci ya taya, ta ƙi. Ba ta ga dalilin da zai sa ta sauke wa kanta ta ɗora wa wata mata ba. Kogi kuwa yara na kamun kifi a ciki. So take a narkar da ita, ta zama ƙarfen da ba ya kashe kowa. Sai ga takarda an raba a coci: ranar Asabar 'yan sanda za su karɓi bindigogi a filin ajiye motoci na cocin da ke titin kasuwa. A kawo ba harsashi a ciki. Ba a tambayar suna, ba a tambayar inda aka samo. Za a ba kowa katin sayen abinci na dala ɗari, bindigogin kuma za a narkar da su.

Odessa Crump ce ta kai ta, ƙawarta ta ƙungiyar mawaƙan coci, mai tsohuwar mota da baki ba birki. Ƙarfe tara suka iso, suka tarar da layin motoci ya zagaye unguwa.

"Kai, ashe duk garin nan a kan bindiga muke kwana," in ji Odessa. "Dubi waccan, matar dikon cocinmu ce fa. Wa take shirin harbewa, dikon?"

"Ki kula da hanya."

"Wace hanya? Tun ɗazu ko taku ɗaya ba mu yi ba. Ke dai kin rungume kwalin nan kamar jariri."

Awa ɗaya da rabi suka yi, motar ta fara zafi, gwiwar Earline ta sage. Sai ga wani farar fata yana bin motoci ɗaya bayan ɗaya, mai jan gemu, da rigar nan mai ruwan ɗorawa irin ta masu aikin titi, da allon rubutu a hammata. Ya sunkuyo ta taga.

"Barka da safiya, iyayena. Doguwa ce ko ƙarama?"

"Ƙarama," in ji Earline.

"To ba sai kin gasu a mota ba, Mama. Ga tebur can a bakin ƙofa. Zo mu gani."

Ta fita ta bi shi. Teburin yana kan hanyar masu tafiya da ƙafa, taku goma kafin ƙofar filin, an shimfiɗa masa ƙyalle, ga bindigogi a jere, ga mutane uku a tsaye. Ga motar 'yan sanda kuma can ciki, ana hango ta. Mutumin ya buɗe kwalin. Earline ta kawar da kai, domin tun ranar da ta karɓo ba ta duba ba. Ta ji ya ja numfashi.

"Taki ce, Mama?"

"Ta mijina ce. Ya rasu."

"Sannu da rashi. Dala ɗari biyu da hamsin, a hannu."

Ta so ta ce ai kati aka rubuta a takarda. Amma ga riga, ga allo, ga tebur, kuma bai tambayi sunanta ba, daidai yadda takardar ta ce. Ta karɓa ta juya.

Odessa ta kalli kuɗin ta kalle ta. "Ina katin?"

"Kuɗi suka bayar."

"Su wa? Earline, 'yan sanda ba sa ba da kuɗi. Karɓa suka iya." Ta leƙa ta gilashi, dariyar ta ɗauke daga fuskarta. "Wayyo Yesu. Wannan ai Rusty Hollenbeck ne, mai saye da sayar da bindigogi a kasuwar ƙarshen mako. 'Yar uwa, sayar masa kika yi."

Da gwiwar da take ja, minti goma ta yi kafin ta koma. Ta ajiye kuɗin a kan ƙyallen.

"Ba ni kwalina."

"Mama, ciniki ya faɗa."

"Ba ciniki na zo yi ba. Narkarwa na kawo. Ba ni."

Rusty ya sosa gemu. Ba mugun mutum ba ne irin na labari, yana da jikoki, yana zuwa cocinsa. "Narkarwa? Bindiga irin wannan? Ta girme ni fa. Zunubi ne a jefa ta wuta." Ya ga fuskarta, ya rage murya. "Gaskiya ko ina so ba zan iya ba. Ta tafi. Kina juya baya wani ya gani ya saya."

"Wa?"

"Wani mai koriyar akori-kura."

"Sunansa."

"Ban tambaya ba. Ya nuna mini lasin tuƙi, ɗan jihar nan ne, shekarunsa sun kai. Ban tsaya karanta suna ba. Ba a ce sai na rubuta ba."

Ta wuce shi ta shiga filin. Ɗan sandan da ke tsaron ƙofa Tyrell Gaines ne, wanda ta zuba wa wake shekara shida. Yanzu ya yi tumbi. Ya cire hula.

"Mis Earline! Ke ma da bindiga? Ai ludayinki ya ishe ki makami."

"Tyrell, je ka kama mutumin can."

Ya saurare ta har ta gama. Ya kalli teburin, ya kalli takalminsa.

"Ya ce miki shi ɗan sanda ne?"

"Ya sa riga."

"Rigar nan kowa na iya saya a kanti. Ya faɗa da bakinsa?"

"A'a."

"Ya ce za a narkar?"

"Ban tambaya ba."

"Ya ƙwace? Ya hana ki kuɗi?"

Ta girgiza kai.

"Mis Earline, in ya tako cikin filin nan zan kore shi, filin coci ne. Amma inda yake tsaye hanyar kowa ce. A jihar nan mutum zai iya sayar wa mutum bindigarsa kamar yadda zai sayar da keke, ba takarda, ba bincike, in dai bai san mai sayen na cikin waɗanda aka hana ba. Tun safe muke kallon masu saye irinsa. Su bakwai ne yau."

"Kuna kallo."

"Ba abin da doka ta ba ni in yi."

"Da wannan bindigar Cleophus ya kashe kansa."

"Na sani," in ji Tyrell. "Ni na zo gidan ranar."

Ba ta yi kuka ba. Ta koma teburin ta ɗauki kuɗinta, domin ba ta ga amfanin bar wa Rusty riba biyu ba. A mota Odessa ta yi ta neman abin faɗa.

"To ai dai ta bar gidanki. Lamont ba zai same ta ba."

"Ta bar gidana ta shiga gidan wata."

Da kuɗin ta gyara injin ɗumama gida da sanyi ya shigo. Ta ce duk lokacin da ta kunna shi sai ta tuna. Ta je wurin lauyan da ke taimakon tsofaffi kyauta, ya maimaita mata maganar Tyrell da kalmomi masu tsawo. Ta yi wata biyu tana hawa bas zuwa kasuwar ƙarshen mako tana duba tebur-tebur, tana duba korayen motoci a waje. Ta fara sayen jarida, ita da ba ta taɓa damuwa da ita ba. Duk harbin da aka yi a garin sai ta karanta har ƙarshe ko za a faɗi irin bindigar. Ba a cika faɗa ba.

Da shekara ta zagayo aka sake kiran karɓar bindigogi, Rusty ya zo ya kafa teburinsa, ya tarar da ita ta riga shi. Tana kan kujerar ninkewa, daidai inda yake tsayawa, da kwali a cinyarta an rubuta da manyan baƙaƙe: MUTUMIN NAN BA ƊAN SANDA BA NE. ABIN DA YA SAYA BA A NARKAR DA SHI. ƘOFA TANA GABA.

"Haba Mama, kasuwata za ki kashe?"

"Ni ba mamarka ba ce."

Ya je ya kai ƙara wurin Tyrell. Tyrell ya ce hanyar kowa ce, ba abin da doka ta ba shi ya yi.

Shekara biyar ke nan tana zama a wurin. Wasu suna karanta kwalin su wuce ciki. Da yawa suna karantawa su tsaya wurin Rusty, domin kuɗi a hannu ya fi kati, kuma ba kowa ne ya zo da irin abin da ta zo da shi ba. Ba ta yi musu wa'azi. In tsohuwa ce ta sauko daga mota da kwali a rungume, tana kawar da kai daga gare shi, to wannan Earline takan tashi ta kama hannunta ta raka ta har gaban 'yan sanda.

Rusty ya daina sa rigar ɗorawa. Yakan kawo kofi biyu ya ajiye ɗaya kusa da ƙafarta, ba ta taɓa sha ba. Kowace shekara tambaya ɗaya take yi masa, ko ya sake ganin mai koriyar mota. Kowace shekara ya ce a'a.

Lamont ya koma wurin 'yarsa a wata jiha, yana raye. Odessa ta rasu bara, yanzu da bas Earline take zuwa, tana jan kujerar. Shekararta saba'in da takwas. Duk wanda ya buɗe kwali a kan teburin Rusty, takan miƙa wuya ta duba mariƙin, ko na ƙashi ne.