Na'am ɗin Baba

Ina shekara ta uku a jami'a Baba ya gindaya mini sharaɗi: ko in fahimtar da shi abin da nake karantawa, ko in koma harabar jami'armu da ke Kongo karatun lauya kamar yayana. Lauya! Ni da ko gardamar kasuwa ba na iyawa.

Darasin da ya fi kwanta mini a rai shi ne yadda kwamfutoci ke aika wa juna saƙo. Kwamfutocin sashenmu kaɗan ne, sai ka rubuta furogiram ɗinka a takarda a gida, ka hau bas daga Ƙofar Kuyambana, ka bi layi kafin ka taɓa ɗaya. Aka ba mu aikin haɗa biyu da waya su yi magana. Tawa kuwa uwar surutu ce, ta yi ta zubo saƙo, ɗayar ta kama rabi ta zubar da rabi. Malaminmu ya zana mana maganin a allo, na kwafa, na haddace, amma wallahi bai zauna mini ba.

Wata Asabar da hantsi ina zaure Baba yana ba wani dattijo karatu. Ya fassara jimla ya dakata, sai dattijon ya ce "na'am" sannan ya wuce gaba. Can hankalin dattijon ya tafi wani wuri, bai amsa ba. Baba ya ɗan jira, ya maimaita jimlar. Kai! Tun ina yawo ba wando nake jin wannan na'am ɗin, ban taɓa sanin aiki yake yi ba.

Ran Litinin na gyara furogiram ɗina: kwamfutar ta aika kaɗan, ta jira amsa, in shiru ya yi yawa ta maimaita. Saƙo ya isa cif-cif. Daɗi kamar ya kashe ni.

Bayan la'asar na durƙusa gaban Baba na ce, "Baba, na'am nake koya wa kwamfuta." Na yi masa bayani daki-daki har na ƙare. Bai ce "na'am" ba, ya ci gaba da jan carbi. Har na fara hango Kongo. Sai na lura murmushi yake ɓoyewa a gefen bakinsa. Na gyara zama, na sake ɗauko bayanin daga farko.

"Na'am," in ji Baba. "Tashi ka je ka ci gaba da karatunka."