Uwayen kwamfuta a buhun shinkafa

Shekarun baya, lokacin ina da ɗan teburin gyara a gefen babbar kasuwar Garoua, sana'ata ita ce sayen matattun allunan kwamfuta da araha. Masu Faransanci suna ce wa allon kat-mer, mu kuwa uwar kwamfuta muke cewa, don a jikinta komai yake. In saya, in duba inda ta ƙone, in canza abin da ya lalace, in sayar. Boko dai a firamare na tsaya, aikin hannu ne ya riƙe ni. Sai dai Allah ya yi ni da tsoro. Ni ne mutumin da zai kulle shago, ya kai bakin titi, ya dawo ya sake jijjiga kwaɗo.

Wata ranar Laraba abokina, wanda teburinsa ke jikin nawa yana gyaran waya, ya zo da wani dattijo a bayan moto, wato babur, da buhun shinkafa a tsakaninsu. Ya ce kawunsa ne daga Yagoua. Muka gaisa, dattijon ya kwance bakin buhu, sai ga uwayen kwamfuta jere, duk iri ɗaya, fes kamar an wanke su. Da ya faɗi kuɗinsu sai na ga arahar ta wuce hankali.

Na ce, "Baba, daga ina kayan nan?"

Ya ce, "Daga wurina."

"Wurinka ina?"

Ya dubi abokina, abokina ya dubi sama. Sannan abokina, da ya saba kirana patron, wato maigida, ya ce, "Haba patron, kawuna ne fa. Ko sai ya kawo maka takardar haihuwarsu?"

Kunya ta sa na saya. Har dattijon ya hau moto sai ya juyo ya ce, "Ɗana, kada ka sa musu wuta yanzu. Bari su sha iska tukuna."

Wannan maganar ce ta hana ni sukuni. Me ya sa ba zan gwada ba sai ya yi nisa? Me ya sa duk iri ɗaya ne? Kaya iri ɗaya da yawa haka, daga ofis suke fitowa ko makaranta. Kafin la'asar na riga na yanke hukunci a raina cewa kayan sata ne, kuma abokina ya sani, ya zaɓe ni ne don ya san ba na iya cewa a'a. Duk jandarma, wato ɗan sanda, da ya gifta sai in tura buhun ƙarƙashin tebur da ƙafa. Akwai ɗaya daga cikinsu da ya tsaya tambayar inda ake sayar da caja, wallahi har na fara miƙa masa hannuwana.

Abokina kuwa na daina cin abinci kwano ɗaya da shi. In ya yi dariya a waya sai in ce da ni ake. Mutumin da muka shekara da shekaru muna raba inuwa ɗaya, na koma ina leƙen aljihunsa.

Da abin ya ishe ni na kwashi buhun na kai gida, na baje allunan a tabarma ina neman lambar ofis ko hatimin makaranta a jikinsu. Ban ga komai ba sai ƙwayoyin shinkafa a cikin ramukan da ake soka ram, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. Ban damu ba, ai a buhun shinkafa suka zo.

Mahaifiyata tana zaune tana tsince wake. Ta miƙo hannu ta ɗauki ɗaya, ta sa farce za ta cire ƙwayar, ta ƙi fita. Ta kai allon hancinta.

Ta ce, "Kai, wa ya sayar maka da kayan da suka sha kogi?"

Na ce, "Inna, wane kogi kuma?"

"Shinkafar buhu zubewa take in ka kaɗa. Wannan ta sha danshi, ta kumbura, ta bushe a ciki. Binne su aka yi a shinkafa don ta tsotse ruwa, yadda ƙanwarka ta yi da wayarta da ta faɗa randa. Shinshina ka ji, warin laka ne."

Na ɗauko ƙaramin sukudireba na ɗaga batirin da ke jikin allon. Ƙarƙashinsa ya yi kore, ga busasshiyar laka. Na duba na biyu, haka. Na uku ma haka. Sai na tuna a daminar shekarar kogin Logone ya cika ya shiga gidajen mutane a Yagoua.

Ku yarda da ni, alhamdu lillahi na fara cewa da ƙarfi, don ashe ba kayan sata ba ne. Inna ta dube ni ta ce ita dai ba ta taɓa ganin wanda aka cuta yana godiya ba sai ɗanta.

Washegari na dire allo ɗaya a teburin abokina, na zuba masa ƙwayoyin shinkafar a tafin hannu. Ya dube su.

Ya ce, "Kawu yana da ɗan shagon da yara ke koyon kwamfuta. Ruwa ya shiga har wuya. Abin da ya tsira da shi ke nan."

Na ce, "To me ya hana ka gaya mini?"

"Da na ce ruwa, za ka saya?"

Gaskiyarsa ce, ba zan saya ba.

Ya ce, "Kai kuma da ka daina cin tuwona, me ka ɗauke ni?"

Na ce, "Ɓarawo."

Ya ce, "To ni na ɓoye maka ruwa, kai ka sa mini sata. Wa zai fara ba wani haƙuri?"

Babu wanda ya fara. Ya dai jawo kwanon ya ajiye a tsakiya, na wanke hannu.

Allunan na bi su ɗaya bayan ɗaya da alkol, wato sifirit, da buroshin haƙori, na shanya a inuwa. Wasu sun tashi, da yawa ba su tashi ba, na cire abin da zai yi amfani a jikinsu. Duk wanda ya zo saye sai na gaya masa cewa wannan ta sha ruwan Logone. Abokina yana jin haka sai ya dafe kai ya ce zan kashe kasuwa da bakina.

Yau in na tuna, abin da ke damuna shi ne zargina bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, akwai abin da aka ɓoye mini, amma na ɗora wa mutum laifin da ya fi nasa girma nesa ba kusa ba. Har yanzu muna tare, ɗansa ma sunana ya ci. Sai dai duk allon da ya kawo mini, ko daga kantin sabbin kaya ya fito, sai na kai shi kunne na kaɗa. Shi kuma ya tsaya yana kallona, ya ce, "Patron, shinkafar ta nuna ko a ƙara wuta?"