Kwalba Biyu a Bayan Sirdi

Tun kafin maganar keken nan ta taso, ƙishirwa nake tsoro. Ina ƙarama aka sauke babana daga bayan lori, an dawo da shi daga yankan riɗi, leɓensa ya tsattsage, ba ya ma gane mu. Ya tashi, amma ƙodarsa ba ta sake komawa daidai ba har Allah ya karɓi ransa. Shi ya sa da na yi aure na haifi 'yata ta fari, duk wanda zai fita daga gidanmu sai na tare shi da kofi a bakin ƙofa. Maƙwabta har tsokanata suke yi, wai da ni ke mulki da kowace kwana ta samu randa.

Mijina gyaran keke yake yi a kasuwar Gadarif. Idan kakar riɗi ta zo, sau biyu a mako yakan ɗaure kayan aikinsa ya bi hanyar Simsim zuwa kambo, bukkokin da leburorin gona ke kwana, ya yi musu faci da gyaran sarƙa. Na tanadar masa jarka madaidaiciya, na ɗinke ta cikin buhun algarara yadda kowa ke yi a nan: in an jiƙa buhun, iska na bugawa ruwan na sanyi. A gaban keken yake rataye ta, in ya ji ƙishi hannu kawai zai miƙa. Shekara biyu muna haka lafiya lau.

Sai mai shayin layinsu ya kafa dish, farantin kama tashoshin talabijin na waje.

Wata la'asar mijina ya shigo ko sallama bai ƙarasa ba. Wai ya ga Turawa a talabijin suna wata gasa mai hawa uku: su yi iyo, su fito su hau keke, su sauka su ruga da ƙafa. Iyon da gudun ba su dame shi ba. Keken ne ya tafi da hankalinsa.

"Maman yarinya, kin san abin da ke cinye min ƙarfi a hanya? Jarkarki."

"Jarkata kuma? Ita ke taka maka feda?"

"Iska take tarewa! Ki duba faɗinta da buhun nan, kamar na rataya zanin shanya a gabana. Su a bayan sirdi suke sa kwalba, jikin mutum ya kare ta, iska ta wuce sumul."

"To, Maigida, su ma hanyar Simsim suke bi?"

Ya ce ba zan gane ba, wannan ilimi ne. Gaskiya ne ban yi nisa a makaranta ba, amma na san kwalbar lemo biyu ba su kai rabin jarka ba, na kuma san abin da ke bayan mutum ba ya ganinsa. Na faɗa masa. Ya ce, "Halas, an gama magana." Kwana uku yana lanƙwasa waya a tsakar gida yana ƙera wa kwalaben gida. Yakan tsaya ya jiƙa yatsa da yawu ya ɗaga sama, wai yana jin ta inda iska ke zuwa. Ni ina goye da yarinya ina tuƙa tuwon asida, ina kallon mutumin da na aura.

Ranar da zai gwada, na cika jarkar na jiƙa buhun na rataya masa tun bai fito wanka ba. Ya cire ta ya jingine a gindin randa. Na sake ratayawa. Ya sake cirewa. Da na ce aƙalla in naɗe kwalaben da tsumma mai laima, sai ya ce tsumman ma iska zai kama.

Duk wanda ya san baƙar ƙasar nan tamu ya san in damina ta janye tsagewa take yi, ga sawun tarakta ya bushe ya zama kamar dutse. Keke tsalle yake yi a kai. Inda kwalaben suka faɗi, shi kansa bai sani ba. Sai da rana ta take, maƙogwaronsa ya bushe, ya miƙa hannu baya, ya damƙo waya babu komai. Kambo da nisa, gari da nisa. Ya ci gaba da takawa har ƙafafunsa suka ƙi.

Wani direban tarakta ne ya tsince shi a gindin ƙaya. Da aka aiko min na isa asibiti, na ga leɓen nan a tsage, wallahi babana na gani. Na zauna a ƙasa da goyo na kasa ko kuka. Kwana biyu ana masa ƙarin ruwa. Da ya buɗe ido ya kalle ni, na matso in ji me zai ce.

"Wayar ce ban matse sosai ba."

Da ba a asibiti muke ba, ban san abin da zan yi da kofin da ke hannuna ba.

Wansa, wanda ya taɓa aiki a Jidda, shi ya warware mana sauran. Ya ce ya ga irin gasar nan tun daga farko har ƙarshe. Ashe a gefen hanya akwai rumfuna, ana miƙa wa mahayan ruwa suna tafe, su sha su jefar da kwalba su karɓi wata. To a shekarun nan mai shayi tsoro yake kada hukuma ta zo ta kwance masa dish saboda nuna tsiraici, don haka da zarar mace mai gajeren wando ta bayyana sai ya canza tasha. Masu miƙa ruwan kuwa yawanci mata ne. Mijina bai taɓa ganin wurin ba.

"Kai ɗan'uwa," in ji wan, "su ruwa ke jiransu a gaba. Kai wa ke jiranka, angulu?"

Bayan ya warke na ɗinka masa doguwar jaka siririya ta algarara, ta zauna a tsakiyar keken tsakanin gwiwoyinsa, da kwalba uku a jere inda idonsa ke ganinsu. Ya zagaya ta, ya jiƙa yatsa ya ɗaga, ya ce ba laifi. Yanzu a kasuwa cewa yake yi dabararsa ce. Na bar masa.

Abin da ban bar masa ba, wani lebura ya tsegunta min cewa in ya fita gari yakan zubar da kwalba ɗaya, wai nauyi. Na tambaye shi, ya hau duba taya.

Don haka ina roƙon ku. In kun bi hanyar Simsim kuka ga wani a kan koren keke ya duƙar da kai kamar mai neman allura, ku tsayar da shi ku ba shi ruwa. Kada ku tambaye shi ko yana jin ƙishi, zai ce a'a. Ku tsaya a kansa sai ya shanye.