Idon Baba a Kan Kwanon Rido

Makera, ƙarfe shida saura kwata

Baba na dawowa daga sallar asuba muka kama hanya, gari bai gama wayewa ba. Ni ce riƙe da hannunsa. Shekara biyu ke nan da ciwon suga ya rufe masa ido, bayan ya ci ƙuruciyarsa kaf a saman gine-ginen mutane yana buga rufi. Tun daga lokacin babu wanda ya sake kiran Malam Ilu kafinta zuwa aiki, sai a makon jiya.

Wadda ta kira ɗin Madam Rifkatu ce, mai cinikin citta, wadda Baba ya rufe wa gidanta na farko tun ina goye. Ta gina shaguna shida da sito a Rido, rufi ya rage. Ɗanta da ke Abuja ya dage a kan dogon kwanon alminiyum, irin wanda kamfani ke yankowa daidai tsawon gini. Ita kuwa ta ce abin da Malam Ilu ya zaɓa shi za ta saya. Idan ya ce kwano na gargajiya, aikin nasa ne: zai zauna a ƙasa yana ba da umarni, tsofaffin abokan aikinsa Ɗanjuma da Bitrus na sama suna bugawa. Idan ya ce alminiyum, kamfani zai zo da ƙarfensa da ma'aikatansa, ba a buƙatar ko ƙusa ɗaya daga hannun Baba.

Baba yana da ƙa'ida: ba a zaɓen kwano a shago, a kan gini ake zaɓensa, bayan ya sha damina goma. Akwai rufi biyu da ya buga a shekara guda da kwano iri guda, ɗaya a Kakau, ɗaya a Rido. Su za mu je gani. Wato ni zan gani, shi ya yanke.

Mun hau keke ta Kakuri. Muka wuce tsofaffin masaƙun da suka daina numfashi, rufinsu ya lotsa kamar bayan tsohuwar da ta gaji da dakon itace. Baba ya tambaye ni ko har yanzu suna tsaye. Na ce suna nan.

Gonin Gora, ƙarfe bakwai da minti goma

A mahaɗar Kwamand muka sauya zuwa ƙaramar bas, minti ashirin muka iso. Shagon kayan ginin da muke nema bai buɗe ba, sai muka zauna wurin mai shayi a bakin titin Abuja, manyan motoci na wucewa suna girgiza benci. Baba ya sha baƙin shayi babu sukari, yana ɓata fuska a kowace kurɓa.

Mai shagon, Oga Sande, tsohon sanin Baba ne. Ya sa aka fito da fallayen kwano uku aka jingine. Baba ya shafa na farko, ya lanƙwasa gefensa da yatsa biyu, ya ce wannan ai takardar naɗe ƙosai ce, a kawo masa kwano. Oga Sande ya yi dariya har da dukan cinya.

"Malam, ido ya yi ritaya amma yatsun nan sun ƙi ajiye aiki."

Aka miƙo masa na biyu, mai kauri. Baba ya ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa, ya kara kunne, fuskarsa ta saki. Na uku mai tsakuwa ne a baya, ruwan ƙasa, kyakkyawa, wanda ruwan sama ba ya ƙara a kansa. Baba ya ce wannan na gidan masu hali ne, sito ba ya buƙatar ado. Alminiyum kuwa babu shi a shagon, sai guntun samfuri. Ya daɗe yana juya shi a hannu. Ya ce ba shi da nauyi, ba shi da murya, amma ba ya tsatsa. Ya faɗi wannan na ƙarshe a hankali, kamar mai yabon maƙiyi don dole.

Kakau, ƙarfe tara

Wata bas ce ta ɗauke mu, cike da mata masu buhunan taki. An tsayar da mu sau ɗaya a shinge. Jami'in ya leƙo, ya ga Baba da sanda, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya ɗaga mana hannu.

Daga titi zuwa siton masarar Malam Garba, inda rufin farko yake, tafiyar minti goma ce a ƙafa, tsakanin gonakin da aka yi wa huɗa ana jiran ruwa. Siton yana cikin kwari, don haka tun daga tudu na hango rufin gaba ɗaya. Ya dusashe, ya koma launin toka kamar bayan kurciya, tsatsa kaɗan ce a bakinsa. Na faɗa wa Baba haka, har da kurciyar. Ya ce in bar tsuntsaye, in dubi kan ƙusoshi. Na duba, na ce lafiyarsu lau.

Malam Garba ya tabbatar mana ko ɗigo bai taɓa sauka a kan masararsa ba. Aka kawo mana kunun tsamiya, Baba ya karɓi nasa ya riƙe bai sha ba, yana ba da labarin yadda iska ta kusa tafiya da Bitrus ranar da suka buga falle na ƙarshe. Rabon da in ji dariyarsa irin wannan har na manta. A hanyar komawa titi, shi ke jan hannuna maimakon ni in ja nasa.

Sabon Tasha, azahar

Komawa Kwamand da shiga Sabon Tasha ya ci mana fiye da awa biyu saboda cunkoso. Zafi ya yi nauyi, hadari na taruwa ta gabas bai yanke shawara ba. Muka yi salla a ɗan masallacin wani gidan mai, muka ci wake da shinkafa a rumfar da ke gefe. Baba ya ce in kira masa Ɗanjuma. Na ji yana gaya masa ya duba ko tsaninsu na nan da ƙarfinsa, kuma ya sanar da Bitrus su zo gida bayan magariba.

Rido, ƙarfe biyu da rabi

Bas ta ajiye mu a Mararaba, muka ɗauki keke shata, domin ba zan iya ɗora Baba a kan acaɓa ba. Dogayen bututun matatar mai na tsaye can nesa a ƙarƙashin hadarin. Mutanen wurin na cewa iskar garinsu na cin kwano. Kowa da abin da yake ɗora wa laifin, ni dai ban sani ba.

Madam Rifkatu ta tarbe mu a bakin gininta. Ta kama hannun Baba da hannu biyu, ta ce, "Malam, ka rame." Ya ce tsufa ne. Ta zagaya da shi shago-shago yana shafa bango, yana auna faɗi da taku. Ko'ina a buɗe yake, sama ce kaɗai rufinsa.

Rufin da muka zo gani na wani ɗakin taro ne a layi na gaba. An yi masa silin, kuma bangon ya yi tsawo, ba a ganin komai daga ƙasa. Sai dai akwai benen da ba a gama ba a gefensa. Na bar su a inuwa na hau matakalar ni kaɗai.

Na daɗe a sama. Rufin ya yi jawur kamar tafin da aka cire wa lalle. Kowace ƙusa tsatsa ta ci kewayenta, an bi an liƙe da kwalta, inda kwalta ta gaza an danne da duwatsu da tsohuwar taya. Can gaba kuma ga wani shago mai rufin alminiyum, ya yi baƙi da datti, amma babu rami ko ɗaya a jikinsa. Na leƙa ƙasa na hango hular Baba, ƙarama, yana nuna wa Madam wani abu da sandarsa.

Da na sauko ya juyo da fuskarsa wajen takuna. Na ce, "Da sauransa, Baba. Ya ɗan yi ja ne kawai."

Bai tambaye ni ƙusoshi ba. Har yau ina tunanin abin da ya hana shi. Ya gyara tsayuwa ya fara yi wa Madam bayani: mai kauri za a saya, a yi masa fenti, katako kuma shi zai zaɓa da hannunsa. Madam na gyaɗa kai, ta ce cittarta ce duk abin da ta mallaka, in ruwa ya taɓa ta shi ke nan, amma tunda Malam ya faɗa ta gama magana. Ta ciro waya za ta kira ɗanta.

"Baba, ya mutu," na ce. "Rufin ya mutu. Duk ƙusoshin tsatsa ta ci su, da kwalta da duwatsu aka riƙe shi. Ƙarya na yi maka."

Madam ta sauke wayar. Baba ya tambaye ni ko akwai alminiyum a kusa, na ce akwai, ya ce yaya yake, na faɗa masa.

"Madam, ki bi maganar ɗanki," ya ce. "Ki ce su ba ki mai kauri, kuma su sa abin tare zafi a ƙarƙashi, kada ya riƙa gumi da safe yana ɗiga a kan citta."

Ta ce to ya zo ya riƙa duba mata aikin kamfanin, za ta sallame shi kamar yadda ya kamata. Ya yi murmushi ya ce makaho ba ya duba aiki, kada ta sa yaran kamfani su yi masa dariya. Ta juya baya tana gyara ɗankwali, ta daɗe tana gyarawa.

Komawa gida

Mun bar Rido ƙarfe huɗu da kwata. Ruwa ya tsuge muna Sabon Tasha, na farko mai ƙarfi a bana, mai keke ya saki labulen leda muka zauna cikin duhu-duhu. Duk tsawon hanyar Baba bai saki hannuna ba.

Ana kiran magariba muka iso Makera. Ɗanjuma da Bitrus sun riga mu, suna rakuɓe a zaure, wandunansu a jiƙe. Suka miƙe da ganinmu. Na so in wuce ciki, Baba ya riƙe ni.

"Babu aiki," ya ce musu. "Kwanonmu ba zai zauna a Rido ba. Na aika wadda ba ta ɓoye mini ba."

Bitrus ya ce Allah ya kawo wani. Ɗanjuma ya ce amin, yana kallon ƙasa.

Ina godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, da Malam Garba da kununsa, da Madam Rifkatu da ta cusa mini ƙullin citta a jaka ban sani ba sai a gida. Baba ya shiga ɗaki ya ce kada a kunna masa rediyo. Ya bar ƙofa a buɗe, yana sauraron ruwa.