Ranar da Gwaggo ta sa bargo ɗaya a inji

A gidanmu ni ce mai ajiyar takardu. A akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadona, tsakanin hotuna da katunan asibiti, akwai takardun gargaɗi guda biyu daga wurin aiki, dukansu na Gwaggo, yayar babanmu. Duk wanda ya san ta in ya gani sai ya ce ƙarya ne, don mace ce da ko kaza ba ta kora da tsawa.

Shekara ashirin da shida ta yi a ɗakin wanki na wani otal, can ƙasan bene, inda babu taga sai fanka ɗaya. Injin wanki uku, na busarwa biyu, da dogon teburin guga. Da kunne take sanin lafiyar kowane inji. Har yau in an tayar da injin markaɗe a layinmu sai ta karkata kai ta ce, "Bel ɗinsa ya saki." Da wannan aikin ta riƙe gida tun da mijinta, wanda muke kira Baba Direba, ya yi hatsari ya koma tafiya da sanda.

A shekararta ta ashirin a wurin aka ɗauki wani mai guga da ake wa laƙabi da Barkono. Gwani ne, in ya goge riga sai ka ji tausayin sa ta. Amma bakinsa ba linzami, ga wayo. Babban injin in ya shiga matse ruwa, minti shida yake yi yana ruri, ba mai jin wani sai na kusa da kunnensa. A lokacin ne Barkono zai ɗauko kwando ya raɓo.

"Iya, yau ma an bar maigida yana gadin katifa?"

Ko ya ɗaga tsohon tawul ya ce, "Wannan ma ya fi ki ƙuruciya."

Ita kuma Gwaggo fushinta a hankali yake nuna. Kafin amsa ta iso bakinta, injin ya riga ya tsaya. Ranar da ta ce masa "Mara kunya, mara tarbiyya!" muryarta kaɗai aka ji, Manaja na tsaye a bakin ƙofa. Takarda ta farko ke nan. Ta biyu kuwa jiƙaƙƙen tawul ta wurga masa. A ƙa'idar wurin, ta uku ita ce sallama.

Ta je ta kai ƙara. Manaja ya ce, "Mama, ba ƙaryata ki nake ba. Amma ba a korar ma'aikaci da an ce an ce. In na kore shi ba shaida, gobe ya kai mu ofishin ƙwadago, a ce mu mayar da shi. Wa ya ji?"

Ba wanda ya ji.

Da ta ba mu labari a tsakar gida, Baba Direba ya ɗaga sandarsa. "Gobe ki tafi da ni."

"Kai da sai an kama ka kake hawa matakala?" in ji ta. "Ajiye sandar kafin ka fasa mini kwano."

Ni na ce ta naɗi muryarsa a waya. Ta ce, "'Yar nan, waya a lokar ajiyar kayanmu ake barin ta. In ma na shiga da ita, rurin inji za ta ɗauko." Can sai na ga tana murmushi ita kaɗai.

Abu na farko da take koya wa sabon mai wanki shi ne: kada ka taɓa sa bargo shi kaɗai a babban inji. Nauyin zai taru gefe guda, injin ya fara matsewa da ƙarfi, ya yi tsalle, sai ya kashe kansa. Barkono mai guga ne, bai san wannan ba.

Ranar Litinin da safe Manaja ya sauko da shugabar masu gyaran ɗakuna don duba sababbin zannuwan gado. Gwaggo ta zaɓo bargo mafi kauri, ta sa shi shi kaɗai, ta tsaya tana ninke tawul. Injin ya ɗauki ruri. Barkono ya dubi baƙin can ƙarshen teburi, ya ɗauko kwandonsa, ya raɓo yana murmushi kamar mai gaisuwa, ya buɗe murya.

Gwaram! Gwaram! Ɗif, injin ya kashe kansa.

"...tsohuwar banza, je ki yi wa gurgun mijinki wanka!"

Sai ƙarar fanka. Gwaggo ta ce har ɗigar famfo ta ji.

Manaja ya daka tsawa: "Tattara kayanka ka fita!"

"A'a, yallaɓai," in ji Gwaggo. "Kai ka ce mini korar da ba ta bi ƙa'ida ba dawowa take yi. Ni an zaunar da ni, an ji ta bakina, an ba ni takarda. Shi ma a yi masa haka."

Haka aka yi. Aka zauna da wakiliyar ƙungiyar ma'aikata, shugabar masu gyaran ɗakuna ta faɗi abin da ta ji, sai ga wasu mata biyu su ma sun kawo nasu ƙorafin a kansa. Barkono ya karɓi gargaɗin ƙarshe, aka mayar da teburinsa ɗakin ninke kaya, inda ko tari ka yi kowa ya ji. Takardun Gwaggo kuma aka buga musu hatimin sokewa. Ta ƙara shekara shida kafin ta yi ritaya, kullum da safe Barkono yana ce mata, "Ina kwana, Mama," ita kuma ta amsa har da tambayar iyali.

Bayan zaman ne Manaja ya tsayar da ita a matakala.

"Mama, shekara ashirin kina wannan aiki, ki sa bargo ɗaya?"

"Tsufa ne, yallaɓai," ta ce.

Da ta miƙo mini takardun ta ce in adana su wurin da ba ruwa. Shi kuwa Baba Direba, har yau in ya tsokane ta ya ga tana murmushi ita kaɗai, sai ya jawo sandarsa kusa ya ce mini, "'Yar nan, leƙa ki ga ko ta sa bargo."