Kokenmu na Ranar Salla

A shekarata ta biyu a jami'ar Lyon na ɗauki darasin tarihin Sin, ba don sha'awa ba, sai don an ce malamar ba ta kayar da kowa. A nan na ji labarin malaman Sin da suka taru a babban birni don jarrabawar aikin gwamnati, suka ji an ci ƙasarsu da yaƙi, suka rubuta wa sarki koke a gyara mulki. Malamar ta ce masana na gardama ko koken ya ma isa fada.

Na kai labarin gidan da mu ɗalibai Hausawa muke haɗuwa a unguwar Minguettes, muna cin dambu. Lokacin an sa mana jarrabawa ranar babbar Salla. Babbanmu, wani Bamaraɗe da ya tsufa yana digirin dakta, muna ce masa Malam, ya tsame hannu daga kwano.

"Ashe Sinawa sun fi mu zuciya? Mu ma mu rubuta wa shugaban sashe a ɗage mana jarrabawar!"

Muka ɓata yini ana faɗa a kan Faransanci. Wani Bakano ya nace a sa "muna roƙo", Malam ya ce malami ba ya roƙo, nasiha yake yi. Da aka zo sa hannu kowa ya tuna takardar izinin zamansa a ƙasar. Wani ya ce hannunsa da mai. Ni na yi wani irin zane da ko mahaifiyata ba za ta gane shi ba.

Malam ya naɗe koken, ya ce da kansa zai miƙa. A makon nan aka kira shi aiki a Paris, ya hau jirgin ƙasa da koken a jaka. Mu kuwa muka rubuta jarrabawa cikin manyan riguna, cikinmu na kukan nama.

Bayan shekaru na ziyarce shi a Saint-Denis, kusa da Paris. Na tarar ya tara sababbin ɗalibai yana ba su labarin yadda ya girgiza jami'ar Lyon da alƙalami. Ya juyo gare ni.

"Ga shaida nan. Ƙanena, ƙarya na yi?"

Hajiyarsa ta riga ta ajiye mini tuwon shinkafa da miyar kuka, har da man shanu daga gida. Na ce, "Malam, ai har yau ba su farfaɗo ba." Na ja kwano.