Kabad ɗin da Ya Ƙi Shan Kwana

Sai-an-auna ake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa. Kafinta ne, duk wanda ya je shagonsa ya tambayi kuɗin ƙofa ko na benci, amsa ɗaya zai ji: "Sai an auna." Matarsa, Maman Auta, takan rantse cewa ranar da ya fara zuwa wajenta ta kama shi yana kallon tsayinta yana motsa baki. Tef ɗin awo ba ya barin aljihunsa, fensir ba ya barin bayan kunnensa, ko gaisuwar mara lafiya za shi.

Abin takaici, mutumin da ya kafa wa rabin unguwa ƙofofi bai taɓa mallakar ƙofa tasa ba. Tun da ya yi aure a haya yake. Akwai mai gidan da ya hana su buga ƙusa a bango, har agogon bangonsu ya shekara zaune kan kujera kamar baƙo. Akwai wanda ya jira sai da suka gyara rufin da ke yoyo, sannan ya tuna ɗansa zai yi aure yana bukatar ɗakunan. Da haka Sai-an-auna ya koyi ladabin dole. Ko famfo ne ya lalace, sai ya je ya rusuna ya nemi izini kafin ya gyara da aljihunsa.

Abu ɗaya suke da shi wanda babu mai gidan da ya isa ya ce uffan a kai, shi ne kabad ɗin kayan Maman Auta. Ƙato ne mai ƙofa uku, shi ya ƙera shi da hannunsa shekarar aurensu. Da yake ya san halin haya, bai sa masa gam ba, da sukuru ya haɗa shi, duk tashi a kwance shi a ɗaure. A jikin allonsa na gefe, daga ciki, Maman Auta ke zana tsayin yara da fensir ɗin ubansu, tunda bango ba nasu ba ne. Layukan suna hawa har sama, sai na yaro ɗaya da ya tsaya daidai ƙugu, bai ƙara hawa ba. Wannan shi ne ɗansu na biyu, wanda zazzaɓi ya ɗauke. Ba su da hotonsa ko ɗaya.

Da yara suka kama gabansu, shi da ita suka haɗa abin da suka tara, na katako da na ɗinkinta, suka shiga neman gida. Allah ya haɗa su da wani dillali da ake kira Gobe-da-safe, mutum mai zaƙin baki, wanda zai iya sayar maka da rijiya ya ce bene ne aka gina ta ƙasa. Gidan farko da ya kai su ya sha sabon fenti, Sai-an-auna har ya zaro tef. Maman Auta ce ta ja hannun rigarsa.

"Baban Auta, dubi ƙofofin maƙwabta. Me ya sa kowa ya gina dokin ƙofa har gwiwa?"

Dillali ya ce ado ne. Wata tsohuwa da ke shara a waje ta ce in damina ta sauka, adon ma ninkaya yake yi.

Gida na biyu na gado ne, kuma shi ya shiga ran Sai-an-auna. Magada sun amince, an tafa, har ya auna tagogi ya yanka katako. Ana haka wani ƙanensu ya dawo daga tafiya ya ce shi ba a sayar da gidan ubansa yana raye. Kafinta ya dawo gida ya kwanta, ya juya wa duniya baya. Ya ce da matarsa wataƙila Allah bai rubuta masa ba, wani tsuntsu a reshen aro yake ƙarewa. Ta ce ya tashi ya ci abinci, in ya mutu ma ai sai an auna.

Na uku ya zo ba hayaniya. Wani dattijo ne da ya ajiye aiki zai koma wajen ɗansa. Ɗaki biyu da falo, tsakar gida ba ta fi shimfiɗa tabarma biyu ba, ga siririn lungu da ya tashi daga falo ya sha kwana zuwa ɗakin kwana. Aka yi ciniki lafiya, aka sa hannu, dattijo ya damƙa masa makullai. Sai-an-auna ya rusuna har ƙasa ya karɓa, ya yi ta godiya kamar kyauta aka ba shi.

Murna ce ta kayar da shi. Ya kwance kabad ya kai shago, ya ga ramukan sukuru duk sun cinye, katakon ya gaji da kwancewa da ɗaurewa. Ya shafa shi ya ce, "Kai ma ka huta." Ya kwaɓa gam mai ƙarfi, ya haɗe shi haɗin har abada, ya goge shi sai sheƙi. Ba wai bai auna ba. Ya auna ƙofar gida, ya auna ta falo, ya auna ta ɗaki da bangon da kabad zai jingina. Kwanar lungun ce kawai bai auna ba, domin shekara talatin da wani abu kabad ɗin nan allo-allo yake shiga gida, bai taɓa sanin wata kwana ba.

Ranar tashi, da hantsi, masu dako suka shige da shi falo suna yaba nauyinsa. Suka kai lungu, ya tsaya. Suka kwantar da shi, suka miƙar, suka karkata, suka juya ƙafa sama. Kabad ya ce ba inda za shi. A mayar da shi falo kuwa, ya toshe taga ya cinye wurin kujeru, ƙofarsa ma ba za ta buɗu ba. Babban masu dakon ya share gumi ya ce, "Baba, kai ne kafinta. Kawo zarto a rage masa gefe ɗaya, ka mayar daga baya."

Sai-an-auna ya zaro tef ya auna. Abin da ya hana kabad wucewa bai fi faɗin tafin hannu ba. Amma ko ta ina ya duba, gefen da za a yanka shi ne mai layukan fensir, kuma tsohon katako da ya sha gam ba ya rabuwa sai da tsagewa. Ya dubi Maman Auta. Ta ɗora tafinta a jikin allon, daidai ƙugu. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi. Shi da ake kira Sai-an-auna, yau ga shi zai yanka ɗansa da zartonsa.

Auta, 'yarsu ta ƙarshe, tana tsaye da goyonta. Ta ƙwanƙwasa kusurwar bangon ta ce, "Baba, wannan ai ba ya ɗauke da rufi. In an fasa bakin nan ba zai wuce ba?"

Ya duba sama, ya duba ƙasa. Gaskiyarta, shinge ne kawai na bulo. Fuskarsa ta ɗan saki. Ya laluba aljihu ya fito da waya, ya gyara tsayuwa, ya rage murya tun kafin a ɗauka.

"Wa kake kira?" in ji Maman Auta.

"Dattijo mana. Bari in roƙe shi, mutumin kirki ne, wataƙila ya yarda."

Masu dako suka dubi juna. Auta ta buɗe baki za ta yi dariya, sai ta ga uban nata da gaske yake, dariyar ta koma ciki, idonta ya kawo ruwa. Maman Auta ta zare wayar daga hannunsa a hankali ta kashe. Ta shiga cikin kaya ta lalubo babbar gudumarsa, ta sa masa a hannu.

"Baban Auta, izinin wa kake nema?"

Ya dubi bangon. Sannan ya ɗaga guduma ya ɗan taɓa shi, ƙwas, ƙwas.

"Sallama kake yi?" ta ce. "Babu kowa a ciki, mu ne."

Bugu na gaba sai da maƙwabta suka leƙo. Bulo ya zube, ƙura ta tashi ta bulbule masa gashi da gira, shi kuwa yana bugu yana dariya, hawaye na wanke masa ƙurar fuska. Ya fasa fiye da abin da ake bukata, ba wanda ya hana shi. Kabad ya sha kwana lafiya, ko ƙwarzane bai yi ba.

Har yau bakin lungun nan a karkace yake, don da kansa ya yi yaɓen, kuma kafinta ba magini ba ne. Duk baƙon da ya ce a kira birkila ya daidaita, sai ya ce a bar masa abinsa. Agogo ya sauka daga kujera ya hau ƙusa.

Da 'yar Auta ta fara tsayuwa, kakarta ta kai ta gaban kabad, ta buɗe ƙofa, ta miƙa hannu a ba ta fensir. Sai-an-auna ya zare shi daga bayan kunne, amma bai ba ta ba. Ya kama hannun jikarsa ya kai ta bakin lungu, ya jingina ta da bango, ya ja layi mai kauri a kan sabon fenti.